Rigar Gora

Yayata ta rasu a Argungu ta bar jaririya ko arba'in ba ta yi ba. Ni kuwa ina Birnin Kebbi, na daɗe a gidan miji har mata sun daina tambayata ko akwai labari, sai dai su dubi cikina su kau da kai. Da aka share makoki dangi suka zauna suka ce a ba ni yarinyar. Ba wanda ya tambaye ni ko zan iya. Da sun tambaya ma da na ce zan iya ko da ƙarya ce, don tun da na ɗauke ta daga kan gadon yayata na san ba zan iya ajiye ta ba.

Lokacin ba a yi mana jiha ba, komai namu sai an dangana da Sakkwato. Mijina malamin ofis ne a ƙaramar hukuma, in ya tashi aiki ya hau babur zuwa 'yar gonarsa ta albasa wajen Zauro. Ni ina koyar da ajin ƙanana a firamare. Gidan haya muke, ɗaki biyu, rijiya ɗaya mu da maƙwabta.

Ba ni kaɗai na dawo da yarinyar ba. Kakarta ta wajen uba ta biyo mu, ta ce ba za ta bar jikarta a hannun wadda ba ta taɓa goyo ba. A gabana ta faɗa tana ɗaure ƙullin kayanta, ko murya ba ta rage ba. Inna kowa yake ce mata. Matar masunci ce kuma uwar masunta, gajeriya, busasshiya, in ta yi magana ba ta tsayawa jiran amsa. Ni ma ba a san ni da haƙuri ba, uwata ta sha cewa bakina ya riga haƙorana fitowa. Haka muka shiga mota ɗaya, kowa ta ɗaure fuska, jaririya a tsakaninmu.

A cikin ƙullin nan na Inna akwai wani ɗan gora. Na duma ne, bai fi tafin hannu biyu ba, mai dogon wuya siriri, bayansa ya yi ja ya yi sheƙi saboda tsufa da yawan riƙo. An ɗaura masa igiyar fata a wuya, an toshe bakinsa da totuwa. Ranar da muka sauka ta fito da shi ta ajiye a gabana.

"Wanga shi yar reni uban ɗiyag ga, sa'ad da nonona yak kahe," in ji ta. "Duk ɗan da uwa tag gaza a gidanmu, shi ka ɗaukar shi."

Ni kuwa na riga na sayi fida ta roba, kwalbar shayar da jarirai, a wajen wata 'yar kasuwa maƙwabciyarmu, sabuwa dal, har da ɗan burushin wanke ta. Na cika ta da madara na kai bakin yarinyar, ta tura robar da harshe ta tsandara kuka. Na sake, ta sake. Inna tana zaune tana kallona, kuma wannan kallon ya fi zagi ciwo. Da ta ga na gaji sai ta zuba madarar a gora, ta naɗa ɗan farin ƙyalle a bakinsa, ta karkata shi. Yarinyar ta kama ƙyallen tana tsotsa har ta yi barci. Na jefa fidar bayan akwati, ban sake waiwayarta ba.

Rigimarmu ta farko a kan wankin goran ce. Washegari na ɗauki goran zan wanke, na dafa ruwa, na tanadi toka da ɗan yashi in zuba in girgiza, tunda hannu ba ya shiga. Na zura ƙaramin yatsana a wuyansa sai na ji santsi, wani yauƙi mai laushi ya lulluɓe bangon ciki. Kafin in zuba tokar Inna ta fizge shi daga hannuna.

"Kak ki sake. Wagga ita ar riga tai."

"Wace riga, Inna? Datti na."

"Ke ad datti. Riga ta ka sa madara ta kwanta cikin yaro. Ɗauraye shi akai, a kihe, shi ke nan. Kin taɓa ganin Bahillata ta sa ma ƙwaryar nono toka?"

Ban taɓa gani ba, gaskiyarta. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san nonon tsohuwar ƙwarya ya fi na sabuwa kama jiki da daɗi, kuma ba a dirje ta. Uwata ma ba ta yarda a kankare cikin randarta ba, ta ce ruwan zai yi ɗanɗanon ƙasa. Na yi 'yan maganganuna don kada a ce na yi shiru, amma a raina ban ga wautar abin ba. Masu karatun yau za su karanta su girgiza kai. Su girgiza. Yarinya tana sha tana barci, uban yarinya da shi aka rene shi ga shi nan ƙato yana jan taru, da wane baki zan ce ba haka ba?

Watanni suka shige lafiya. Wata Bafillata tana kawo mana madara kullum da safe, in tafasa, in sirka da ruwa, Inna ta zuba. Yarinyar ta fara gane ni. In na dawo daga makaranta tun daga zaure take jin muryata ta fara wutsil-wutsil da ƙafa. Sai dai ba ta yi ƙiba ba, kuma mata masu shigowa ba sa gajiya da faɗa mini. Da bazara ta shigo shanu suka yi nisa neman ciyawa, Bafillatar ta koma zuwa yau ta tsallake gobe, daga baya ta ɗauke ƙafa gaba ɗaya.

Shekarun nan ne na ƙarancin kaya, da ake bin layi a kan sabulu da sukari. Mijina ya bi layi ya samo mana madarar gwangwani, irin mai kauri mai zaƙi da take bin cokali. Ranar da ya shigo da ita har Inna ta sa masa albarka, abin da ban taɓa ji ta yi ba. Muka riƙa dama ta da ruwa, mu ƙara ɗan sukari don yarinyar ta yi kumatu. A kan wannan kam ni da Inna bakinmu ɗaya.

Goran ne ya fara canzawa kafin yarinyar. Ya ƙara nauyi a hannu ko babu komai a ciki. Madara ta daina saurin fitowa, sai an karkata shi sosai. Yatsana da yake shiga wuyansa a sake ya koma shiga da ƙyar, ya fito da yauƙi mai ja kamar na kuɓewa. Warinsa ma ya tashi daga ɗan tsamin da na saba zuwa wani abu mai hawa kai, irin na tsumman da aka manta a jiƙe. Zafi kuwa ana yin sa, ɗakin kwano ne, ko bango ka taɓa da rana sai ka janye hannu. Na yi wa Inna magana, ta shinshina, ta gyaɗa kai cikin jin daɗi ta ce riga ta yi kauri, gora ya sami abin da yake so.

Sai zawo ya fara. Da farko kaɗan-kaɗan ne, yarinyar tana wasanta tana dariya. Inna ta ce haƙori ne, maƙwabta ma suka ce haƙori ne. Na je kemis aka ba ni wani jan magani a kwalba, na ba ta, bai tsaya ba. Da ya ƙi tsayawa Inna ta ce a hutar da ciki. Haka ake yi a gidansu, a gidanmu ma na taɓa gani: in yaro yana zawo sai a ɗauke masa madara, a bar shi da ruwa zalla har cikin ya lafa. Abin da na ƙara nawa shi ne ruwan sai na tafasa shi ya huce, don abin da muke koya wa yara a aji ke nan. Aka rufe gwangwani aka ajiye. Goran da ya saba cika da madara mai zaƙi safe da yamma ya koma ba ya ganin komai sai ruwa.

Kwana na farko kamar an sami sauƙi. Daga nan kuma sai abin ya ɓalle. Ban san jikin jariri yana ɗauke da ruwa mai yawa haka ba sai da na ga yana fita. Ina canza tsumma ina wankewa, kafin in shanya wani ya jiƙe. Amai ya biyo baya. Idanunta suka faɗa, maɗigarta ta lotsa har ina tsoron taɓa wurin. Tana kuka ba hawaye, daga baya kukan ma ya koma wani ɗan sauti siriri da sai ka kasa kunne. Na daina zuwa makaranta, ban ko aika ba. Ina zaune da ita a cinya ina jin nauyinta yana raguwa, ina kallon ƙofa ban san wa nake jira ba.

A cikin kwanakin nan na lura ƙyallen bakin goran yana toshewa. In na canza sabo, kafin ta sha rabi ya yi danƙo. Wata rana da hantsi, Inna ta zaga bayan gida, na ɗauko farin kwanon sha na juye ruwan goran a ciki. Ruwan da na tafasa da hannuna, na tace, na zuba garau, ya fito gurɓatacce. Wasu abubuwa suna yawo a cikinsa, zare-zare, wasu faffaɗa, launinsu tsakanin fari da rawaya. Na sa yatsa na ɗago ɗaya, ya biyo hannuna yana ja.

Na tari Inna da kwanon tun kafin ta ajiye buta.

"Inna, dubi abin da muka ba ta."

Ta leƙa, ko gezau ba ta yi ba. "Riga ta ka sauka. Haka shikai in an huta ma ciki. Gora ka ba da nashi magani."

"Wanga magani na? Kin ga yarinyag ga kuwa? Ƙarewa takai."

"Ruwan rijiyakku na ba su karɓe ta ba. Ɗiyar gulbi ta. Gida za mu."

Na ce asibiti za mu. Ta ce ba a kai ɗiyar ɗanta ko'ina sai da izinin ɗanta. Na juya ga mijina, wanda ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, ina jiran ya buɗe baki. Ya ce mini a hankali, ɗiyar mutane ce, in muka yi gaban kanmu wani abu ya faru, me za mu ce musu? Ban taɓa jin na tsani mutum kamar yadda na tsane shi a wannan lokaci ba, kuma abin haushin, ba ƙarya ya faɗa ba. Ni na san kukanta na yunwa da na barci, amma a gaban dangi riƙo aka ba ni. Aka aika wa uban ta bakin wani direba, amsa ta dawo cewa a kawo ta gida.

Da safe muka hau a-kori-kura zuwa Argungu. Na ce ni zan goya ta, Inna ba ta yi musu ba, don ƙullin kayanta ya ishe ta. Muka wuce Zauro, fadama ta bushe ƙayau sai koren albasa jefi-jefi inda ake ban ruwa. Duk inda mota ta tsaya Inna sai ta ce in sauko da ita ta ba ta ruwa. Nakan ce tana barci. Ba barci take ba, na san ba barci ba ne, kanta yana lilo a bayana duk lokacin da muka faɗa rami. Na riƙa sa hannu ta ƙarƙashin zane ina taɓa ƙafarta, ina lalubar ko da ɗan motsi. Addu'ar da na yi a motar nan ba ta da tsari. Ina roƙo ina faɗa, ina cewa ya Allah ka ɗauki uwar, ka hana ni nawa, wannan ɗin ma? Sai in yi istigfari, sai in sake.

A tashar Argungu Inna ta tsaya jiran a sauko mata da ƙulli daga saman mota. Ni ban tsaya ba. Na san hanyar asibitin garin, don can aka kai yayata. Na kama hanya da sauri, ban yi nisa ba na ji muryarta a bayana.

"Ke! Ba nan at hanyar gida ba."

"Na sani."

"Za ki tsaya ko sai na tara miki mutane?"

Na juyo. Mutanen tasha sun riga sun fara kallo. Na ce mata ta tara, ta kira masuntan garin duka da homarsu ta kamun kifi su zo su kama ni, amma sai dai su kwance yarinyar nan daga bayana a ƙofar asibiti. Na ce in ta mutu a can ta mutu a hannuna, su yi yadda suka ga dama da ni. Ban jira abin da za ta ce ba. Da na kai ƙofar asibitin na waiwaya, tana biye da ni, ta bar ƙullin a tasha, goran kaɗai ne a hannunta.

Nas ɗin da ta karɓe mu ta kwance goyon, ta dubi yarinyar, ta dube ni.

"Ina kunka tsaya har tak kai haka?"

Ta ja fatar cikin yarinyar ta saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Suka nemi jijiya a hannu ba su samu ba, a ƙafa ba su samu ba. Sai suka aske gefen kanta suka soka allurar a nan, suka rataya kwalbar ƙarin ruwa. Ko motsi ba ta yi ba da allurar ta shiga. Na so ta yi kuka, na so ta tsandara irin wanda ta yi mini ranar fida, ba ta yi ba.

Nas ta tambayi me take sha. Na ce ruwan da aka tafasa. Ta ce a me? Inna ta miƙa goran da kanta, da ƙarfin gwiwarta, don ta tabbata shi ne abu ɗaya a cikin lamarin da ba shi da laifi. Nas ta cire totuwar ta kai hanci, ta kau da fuska. Ta aika aka kira malamin ɗakin gwaji.

Mutumin kudu ne, mai furfura, ya daɗe a garin har Hausarsa ta zama ta Kabi, sai ɗan karin harshensu da bai bar shi ba. Ya gaida Inna da ladabi, ya roƙi ta ara masa goran. Ta ce sai dai ta bi shi. Nas ta ce in je ni ma, tsayuwata a kan yarinyar ba za ta sa ruwan ya yi sauri ba.

Ɗakin nasa ƙarami ne, kwalabe ko'ina. Ya ɗiga ruwan goran a kan wani ɗan gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin gwaji, ya daɗe yana murɗawa, sannan ya ce in duba. Da farko haske kawai na gani. Can sai na ga wasu ɗigo-ɗigo da 'yan sanduna, ba su ƙirguwa, wasu a dunƙule cikin wani abu mai kama da hazo, wasu sun rabu suna ta rawa su kaɗai. Na ɗago kai na tambaye shi ko duk wannan a ɗigo ɗaya ne. Ya ce a ɗigo ɗaya. Ya ce Inna ta duba, ta ce ita ba ta leƙen abin da Allah ya ɓoye.

Bai matsa mata ba. Ya ja kujera ya zauna kusa da ita.

"Mama, abin da kuka ce ma riga, rai gare shi. Ƙwayoyi na ƙanana. In sun samu bango mai laima sai su manne, su hid da yauƙi su lulluɓe kansu, su zauna ciki. Ɗauraya ba ta taɓa su. In kuna ba su abinci, madara, sukari, ga zahi, sai su yi ta haihuwa, riga ta yi ta kauri, kaɗan-kaɗan shina gutsurewa cikin madara. Shi as sa zawo yaf fara."

Na ce ai mun daina ba ta madarar.

"Nan abin yab ɓaci. In an yanke musu abinci ba su zama su mutu. Da kansu suka narkad da yauƙin, su saki bango, su bi ruwa neman inda abinci yake."

"Ina abincin yake?" in ji Inna.

Ya juya ya dubi wajen ɗakin da muka bar yarinyar.

Na zaci faɗa Inna za ta fara, har na shirya nawa. Sai ta ce to ƙwaryar nono fa, ita ma guba ce? Ya ce a'a, ita ma tana da nata ƙwayoyin, masu kirki, su suke sa nono ya yi tsami, kuma ƙwarya bakinta a buɗe yake, tana shan rana da iska kullum. Goran nan kuwa rana ba ta taɓa ganin cikinsa ba, ga zaƙi ga zafi, masu cuta suka sami wurin zama. Ya ƙara da cewa ba zai ɗora wa gora kaɗai ba, yunwa ma ta ci yarinyar, jariri ba ya rayuwa da ruwa zalla.

Ta daɗe tana juya goran a hannunta. Da ta yi magana ba da shi take ba, ba kuma da ni ba.

"Awa goran su," ta ce. Babban goran da masunta suke hawa a ruwa suna jefa kifi a ciki take nufi. "Lokacin kihi cikinai santsi shikai, ko hannu ba ya kamawa. In kihi ya ƙare anka bar shi da ruwa, sai shi yi ta saɓulewa. Ni ka wanke na maigidana. Na sha gani."

Ta tashi ta fita, muka bi ta. A kan dakalin siminti na ƙofar ɗakin ta ajiye goran, ta ɗauki dutsen da ake tare ƙofa da shi, ta buga sau ɗaya ya rabe. Warin ya bugo mu. Cikinsa wata fata ce mai kauri, toka-toka da rawaya, rabinta tana manne, rabinta ta ɗago ta yi lako-lako tana reto, inda ta saɓule bangon duman ya fito baƙi. Ƙudaje suka taru nan da nan. Inna ta durƙusa tana kallo, ba ta kore su ba.

"Malam," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kahin uban ɗiyag ga na yi maza biyu. Da wanga na shayad da su. Su ma zawo na. Su ma na huta musu ciki."

Ban taɓa jin labarinsu ba, ban san ma an yi su ba. Malamin ya dube ta.

"Mama, ban gan su ba. Ban iya ce miki i, ban iya ce miki a'a."

Ta gyaɗa kai. Ta tattara ɓarin goran da hannunta, har igiyar fatar, ta kai juji ta zubar, ta wanke hannu a famfo ta daɗe tana wankewa.

Uban yarinyar ya zo da azahar, an kai masa labari daga tasha. Ya shigo da alamar faɗa a fuskarsa, ya ga allura a kan ɗiyarsa, ya ga uwarsa zaune a ƙasa ta jingina da bango, sai ya koma waje ya zauna a gindin darbejiya. Can ya wuni, can ya kwana.

Kwalba ta ƙare aka sa wata. Nas ta kawo kofi da ƙaramin cokali, ruwan gishiri da sukari, ta ce in riƙa ɗiga mata a gefen baki. Na ɗiga, ya gangaro ta kumatu ya jiƙa mini zane. Na sake, ya sake gangarowa. Na tambayi nas ko za ta tashi. Ta ce ita ba ta yi wa kowa alkawari, amma in lura da abu ɗaya: yarinyar ta daɗe ba ta yi fitsari ba, in ta yi, jiki ya karɓi ruwan. Na ce in ba ta yi ba fa? Ta gyara kwalbar ta wuce gado na gaba.

Daga nan ba abin da na sani a duniya sai tsumman da ke ƙarƙashin yarinyar. Ina zura hannu ina taɓawa, a bushe. In ɗiga cokali, in jira, in sake taɓawa, a bushe. Gari ya waye a haka. An fitar da wani yaro daga gadon da ke kallon namu an lulluɓe shi da zanen uwarsa, na juya baya don kada in gani, amma kunne ba ya rufuwa. Wajen hantsi na ga maƙogwaronta ya motsa, cokali ɗaya ya wuce, na biyu ya dawo. Na gaya wa nas da murna, ta taɓa tsumman ta ce mu dai ci gaba.

Inna tana nan inda take a ƙasa. Tun da ta dawo daga famfo ba ta ce a ba ta yarinyar ba, ba ta gyara mini riƙo ba, ba ta ce komai ba. Abincin da ɗanta ya aiko yana gabanta a rufe. Ni kuwa da na ɗauka ranar da bakin Inna zai mutu zan ji sanyi, sai na ga ina neman ta ce wani abu ko da zagi ne.

Da aka kira la'asar hannuwana sun mutu, ban iya ɗaga cokalin ba tare da ya zube ba. Na yi azahar a zaune da taimama, ina so in yi wannan da alwala, in kai goshina ƙasa. Na dubi Inna.

"Inna, riƙa min ita in yi salla."

Ta dubi hannuwanta kafin ta dube ni. Ta tashi a hankali ta zauna a bakin gadon, na ɗora mata yarinyar a cinya, na gyara robar ƙarin ruwan don kada ta ja. Na nuna mata yadda ake ɗiga cokalin, ta saurara kamar 'yar aji ɗaya.

Na yi alwala a famfo, na yi sallar a baranda. Ban san me na karanta ba. Da na sallame na kasa tashi, don na tabbata in na shiga zan tarar an gama. Na zauna a kan ɗankwalin da na shimfiɗa har wata mata ta ce in matsa za ta wuce. Sannan na tashi na shiga.

Inna tana zaune yadda na bar ta, ta miƙe baya, ta sandare, cokalin yana hannunta a sama. Fuskarta duk hawaye. Na kama ƙarfen gado.

"Taho," ta ce, da ƙyar ake jin ta. "Taho ki gani."

Na matsa. Zanenta ya yi duhu a kan cinya, duhun yana faɗi. Na kai hannu, da ɗumi. Na yunƙura zan ɗauki yarinyar in kira nas, Inna ta riƙe mini hannu.

"Kak ki ɗauke ta. Bari ta ƙare."

Muka tsaya muna kallon fitsarin yana bin ƙafar Inna yana sauka a kan siminti.